Sifikar Ƙarshe a Hawa na Huɗu

Adireshin da ke jikin takardata ya kai ni wani lungu a birnin Alƙahira, gaban wani shago da ake matse rake ana sayar da ruwansa. Sau uku ina duba lambar gidan. Ita ce. Na ɗaga kai ko zan ga allon kamfanin da aka ce zai horar da ni wata shida a kan na'urorin gargaɗin gobara, ban ga komai ba sai shanyar wasu mutane tana kaɗawa, har da ɗan wandon jariri. Mai shagon ya karɓi takardar ya karanta, ya mayar min a hankali. Ya ce ba ni ce ta farko da ta zo da irin ta ba. Sannan ya cika min kofi da ruwan rake, ya ƙi karɓar ko sisi.

A tsaye na sha. Na kira mutumin da ya shirya min tafiyar, wanda ofishinsa ke saman wani bene a Kawo, can Kaduna, da kujeru masu laushi da hoton jirgin sama a bango. Wayarsa a kashe. Har yau a kashe take.

Gwaggo Asabe, 'yar'uwar Babana, ta daɗe a Misira. Tana dafa wa mutanenmu da ke zuwa jinya tuwo da miya, tana kuma yi musu tafinta a asibiti. Saboda ita Baba ya yarda na taho. Da na koma ɗakinta na ba ta labari, ko ludayin da ke hannunta ba ta ajiye ba.

"To, Safiya, an yi miki wankan shiga gari," in ji ta. "Zauna ki ci abinci. Kukan ma sai da ƙarfi ake yin sa."

"Gwaggo, me zan ce wa Baba?"

"Ki ce kin sauka lafiya. Ƙarya ce?"

Baba yana da shagon kayan lantarki a Babbar Kasuwar Kaduna. A cikin naɗe-naɗen waya da kwalayen ƙwan fitila na girma. Ina firamare wuta ta cinye layin da ke bayan nasa, kuma abin da ya zauna min a rai ba toka ba ce, maganar da ya yi ce da ya dawo gida Kinkinau: "Wutar ta yi nisa kafin wani ya sani." Tun daga ranar nake mafarkin wata murya da za ta zauna cikin bango, ba ta barci, wadda za ta kira mutane da wuri. Da na gama karatun lantarki na ce wannan fannin nake so, dangi suka ce mace ba ta hawa tsani. Baba ya ce zan hau, kuma zan sauko da takarda. Kafin in taho har ya sayi firam mai bakin zinariya, ya kafa ƙusa a bangon shago, daidai saman teburinsa. Sunan mahaifiyarsa nake da shi, don haka Mamana yake kira na. Ya nuna min ƙusar ya ce, "Mamana, nan ne wurinta."

Wannan ƙusar ce ta hana ni komawa gida a makon farko.

Sati biyar na yi ina yawo da fayil a hannu. Larabcin da na koya a Islamiyya ya zame min abin dariya, don duk inda na buɗe baki sai a ce ga mai karanta labarai ta iso. Da yamma nakan tsaya a kan gada in kalli kogin Nilu, faɗinsa ya ninka namu, amma ni kogin Kaduna nake gani, da jan ruwansa na damina. A Alƙahira ba a ruwan sama. Na yi kewar ƙamshin ƙasa in an yi yayyafi, na yi kewar ƙarar ruwa a kan kwanon ɗakinmu, har na riƙa buɗe famfo a banɗaki in rufe ido. Wata rana a jirgin ƙasa wata tsohuwa ta ga ina share hawaye da gefen hijabi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɓare lemo ta raba biyu, ta sa min rabi a tafin hannu, ta sauka a tasha ta gaba.

Gwaggo ce ta samo min hanya. Akwai wani bene mai hawa shida da ake gyarawa kusa da asibitin da take zuwa, za a mai da shi masaukin marasa lafiya masu zuwa daga ƙasashen waje. Ɗan kwangilar, Injiniya Hazim, mutum ne mai ƙamshin turare da murmushi mai sauri. Ya ce ba albashi, amma in na yi aiki har aka gama, zai ba ni takardar shaida mai sa hannu da hatimin kamfaninsa. Na amince kafin ya rufe baki. Gwaggo ta yi ta zirga-zirga har aka ƙara min izinin zama zuwa lokacin da ake sa ran gamawa.

Ya haɗa ni da babban ma'aikacinsa, Usta Milad. Usta shi ne sunan da suke kiran gwanin sana'a. Gajeren dattijo ne mai furfura, yana ɗan ɗingishi, da ƙaramin zanen gicciye shuɗi a wuyan hannunsa. Ranar farko bai kalli fuskata ba, hannuwana ya kalla. Ya miƙo min naɗin jar waya da filaya ya ce in feƙe.

Sati biyu ina fiƙar waya. In na gama sai ya bi tagullar da ɗan yatsa, idonsa a rufe. In ya ji filaya ta ɗan cije ta, ko da ido bai gani ba, sai ya yanke ya jefar.

"Usta, ai ba ta karye ba."

"Yau ba ta karye ba. Bayan shekara biyar za ta karye, lokacin kina ƙasarku kina shan shayi. Sake."

A hankali ya buɗe min ginin kamar mai buɗe littafi. A ƙasa, kusa da ƙofar shiga, akwai babban jan akwati da ake kira fanal, shi ne kan komai. Daga gare shi waya take zagaya benen, tana bi ta wasu ƙananan fararen akwatuna da ba su wuce tafin hannu ba, su ne modul. Kowanne da lambarsa, wadda ake saitawa da bakin sukudireba, don fanal ya san wa yake magana da shi. Wasu aikinsu shi ne isar da saƙo ga sauran kayan ginin: su ce wa lifta ta sauko ƙasa ta buɗe ta tsaya, su saki ƙofofin da ke kulle, su kashe fankokin da za su iya kwasar hayaƙi daga ɗaki zuwa ɗaki. Wasu kuma na murya ne. Suna karɓar sauti daga amfilifaya su kai shi ga sifikokin da ke cikin silin na kowane hawa. Waɗannan na fi so. Su ne muryar cikin bango da na yi ta mafarki.

Bai taɓa barin in lanƙwasa waya a ƙarƙashin noti in wuce da ita ba. A kowace sifika sai an yanke, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, don in wani ya cire sifikar layin ya tsinke a sani. A sifikar ƙarshe ta kowane layi kuma ana ɗaura wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zanen launi, sunansa resista. Modul yana tura 'yar wuta kaɗan ta bi layin dare da rana, ta ratsa resistar da ke can ƙarshe, ta dawo. In ta dawo, fitilar fanal kore ce. In waya ta tsinke a hanya ba ta dawo ba, sai fitila ruwan ɗorawa ta kama, fanal ya yi ta kuka har a zo.

Na ce masa, "Kamar uwa ce da magariba, tana kiran 'ya'yanta. In autan ya amsa, ta san kowa ya shigo."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Haka kuke koyon lantarki a Najeriya?"

"A'a, ni ce dai."

"To, uwar yara, miƙo min mita."

Amma bayan kwana biyu na ji shi yana yi wa wani ma'aikaci bayani da misalin nan nawa, kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Yana da wata al'ada da duk ma'aikatan ginin suke yi wa dariya. Bai yarda da koriyar fitila ba. Duk layin da aka gama, sai ya kira wayata da tsohuwar wayarsa, ya ajiye tasa a kan fanal, mu hau sama ni da shi da tsani. Ya je sifikar ƙarshe, ya kwance waya ɗaya da hannunsa, ya tsaya. Ni ina ƙasa, hannu ɗaya a tsani, ɗaya riƙe da wayata a buɗe. Bayan 'yan daƙiƙu sai mu ji kukan fanal ya fito ta cikinta, siriri, daga can ƙasa. Sai ya gyaɗa kai ya mayar da wayar ya ɗaure. In sun gan mu da tsani sai su ce, "Usta ya tafi gaida autansa." Ko a jikinsa.

Ban taɓa ganin mutum mai tausayin abin da ba a gani kamarsa ba. Wayar da za a rufe cikin silin, wadda ba mai sake kallon ta, sai ya jera ta ya ɗaure kamar kitso. Kuma shi ne, in azahar ta yi, zai shimfiɗa min kwali a wani ɗaki, ya kori ma'aikata daga wajen, ya zauna a bakin ƙofa yana shan shayinsa har in idar. Ni 'yar Kaduna ce, na san yadda garinmu ya rabu biyu, Musulmi da Kirista, da kogi a tsakiya. Sai da na je wata ƙasa wani Kirista ya yi gadin sallata. Shayin kuwa ni nake dafawa, kullum yana ƙorafi.

"'Yata, wannan ruwan zafi ne da ya taɓa jin labarin shayi."

A wata na shida aka yi masa rasuwa. Yayansa ne, a ƙauyensu can kudu. Ya tafi ranar Lahadi, jami'an kashe gobara kuma za su zo duba ginin ranar Alhamis. Ranar Litinin da safe aka kunna komai gaba ɗaya, sai fitila ruwan ɗorawa ta kama. Layin murya na hawa na huɗu. Na hau na auna da mita. Wayar ta tsinke a wani wuri a cikin barandar, can saman silin da aka riga aka shafe aka yi wa fenti fari tas.

Injiniya Hazim ya zo ya tsaya a bayana, ƙamshin turarensa ya cika wajen.

"Ba mai taɓa silin ɗin nan," in ji shi. "Mai gini ya gani ya yaba."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da resista. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan, wato a aljihu yake yawo da su.

"Ki ɗaura ta a bakin modul ɗin kai tsaye. Fitila za ta koma kore. In sun duba sun tafi, sai mu gyara a nutse."

Na san ma'anar hakan. 'Yar wutar za ta fita ta dawo nan take, ba tare da ta leƙa ko ɗaki ɗaya ba. Fanal zai ce kowa lafiya, alhali rabin hawan ba mai jin komai. Na kuma san ba za a gyara ba, don silin da ba a fasa kafin dubawa ba, ba za a fasa shi bayan baƙi sun tare ba.

"Injiniya, ko mu jira Usta?"

"Usta yana makoki. Ke ce a nan." Ya yi murmushin nan nasa. "Takardarki tana kan teburina, Injiniya Safiya. Hatimi kawai ya rage. Kwana nawa ma ya rage a izininki?"

Kwana goma ne. Ya sani.

Na ɗaura. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma na yi shi da kyau, yadda Usta ya koya min ɗaure noti. Da na sauko ƙasa fanal ya yi tsit, fitila kore shar. Ma'aikata suka tafa min.

Da yamma ina taya Gwaggo tankaɗe, take ba ni labarin baƙin da za ta karɓa mako mai zuwa. Akwai wata Hajiya daga Katabu da za a yi wa aikin gwiwa, za ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa.

"A sabon masaukinku za ta sauka. Na ce a ba ta hawa na huɗu, can ƙarshen baranda, ba ta son hayaniya."

Rariyar ta tsaya a hannuna.

"Ke, lafiya? Garin zai tankaɗe kansa ne?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

Kafin magariba Baba ya kira. Ana ruwa a Kaduna, ina jin sa a kan rumfar shago. Ya ce ya sa an goge firam ɗin, ƙura ta hau shi. Ya ce Alhaji Sani mai fanka, maƙwabcinsa a kasuwa, kullum sai ya tambaya ko injiniyar ta kusa. Na yi dariyar da ake so in yi. Kwana biyu na yi ina wuce fanal ba na kallon sa.

Ranar Laraba da hantsi Usta ya dawo cikin baƙar riga, idanunsa sun faɗa. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa a taƙaice. Ya tsaya gaban fanal ya kalli koriyar fitila. Sannan ya fito da tsohuwar wayarsa, ya kira tawa, ya ajiye a kai.

"Ɗauko tsani."

Hawa na ɗaya, ya kwance, fanal ya yi kuka. Na biyu haka. Na uku haka. A matakala ta huɗu na riƙa zama baya, har ya waiwayo ya ce ko shi mai ciwon gwiwa ya fi ni sauri. Muka bi barandar har ƙarshe, muka shiga ɗakin. An riga an sa gado, katifar tana cikin ledarta. Ya hau. Ya kwance wayar. Ya tsaya.

Shirun a hannuna yake. Ina jin ƙarar motoci ta cikin wayar, da tarin mai gadi, amma ba kuka. Usta bai kalle ni ba, bakin tagullar yake kallo. Na san zan iya cewa kiran ne ya yanke. Zan iya cewa ban san komai ba, ai ginin cike yake da hannuwa. Na kalli katifar.

"Usta, ba zai yi kuka ba. Akwai resista a bakin modul."

"Wa ya sa?"

"Ni."

"Shi ya ce ki sa?"

"Shi ya ce. Amma hannuna ne ya ɗaura."

Ya saki bakin wayar. Sannan ya ce, "Riƙe tsanin da kyau, gwiwata ba ta da lafiya." Ya sauko mataki ɗaya-ɗaya. Na jira faɗa, na ma so ya yi, da na sami sauƙi. Sukudirebarsa kawai ya miƙo min.

"Je ki cire. Ki kawo min ita."

Da na cire, kukan fanal ya fito ta wayar da ke aljihuna. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Muka nemi inda ta tsinke yadda ya koya min. Muka buɗe sifikar tsakiya, muka auna hagu da dama, muka bar ɓangaren da ke lafiya. Muka sake raba ragowar biyu. A karo na uku muka san tana tsakanin ɗakuna biyu. Usta ya ciro fensir daga bayan kunne ya zana murabba'i a kan sabon fentin. Ya miƙo min zarto.

"Usta, takardata."

"Na sani."

Bai ce zai yi min komai a kai ba. Bai yi alkawarin da ba nasa ba ne. Ya riƙe min tsanin, na hau, na yanka. Farin gari ya zubo min a hijabi da gashin ido. Da murabba'in ya faɗo, ga wayar nan a yanke, masu silin sun datse ta don ta tare musu hanya, suka cusa bakunan ciki. Na ce mu haɗa mu naɗe da tef. Ya ce ba a ɓoye haɗi inda hannu ba zai sake kai wa ba. Sabuwa muka ja daga sifika zuwa sifika.

Muna cikin ja Injiniya Hazim ya iso. Ya kalli ramin, ya kalli garin da ke ƙasa, ya kalle ni. Murmushin ya tafi, har muryarsa ta sauya.

"Gobe za su zo, Milad. Gobe. Me zan nuna musu?"

"Rami a sili da murya a ɗaki," in ji Usta, bai daina jan waya ba. "In kana so ka nuna musu ɗayan, sai ka nemi wani ya tsaya gaban fanal, ba ni ba."

Ba zai iya korar Usta ba, don babu wanda ya san ginin kamarsa. Sai abin ya sauka a kaina. Ya ce ni ba ma'aikaciyarsa ba ce, bai taɓa sanina ba, kada in sake taka ƙofar. Usta ya ce sai an gwada layin tukuna, don ni na ja shi.

Na tsaya ni kaɗai a ɗakin ƙarshe. Daga ƙasa Usta ya danna gwaji. Aka yi ƙara sau uku, sannan muryar wata mata ta sauko daga silin, a natse, tana cewa an sami gobara, kowa ya fita ta matakala, kada a shiga lifta, wanda ba ya iya tafiya ya tsaya kusa da ƙofa za a zo. Ta faɗa da Larabci ta maimaita da Turanci. Na zauna a bakin katifar mai leda na saurare ta har ta gama. Ban san matar ba, amma na ji kamar mun daɗe da sanin juna.

Washegari jami'an suka duba suka amince da ginin, da facin silin ɗin da bai bushe ba. Gwaggo ce ta gaya min, ita kuma mai gadi ya gaya mata. Ya kuma gaya mata cewa sau biyu Usta yana zuwa ofishin Injiniya Hazim a kan takardata, yana tsayawa a bakin tebur, dattijo da furfurarsa, ba a ce masa ya zauna ba. Ba a buga hatimin ba.

Ana gobe zan tafi ya zo har ƙofar gidan su Gwaggo da la'asar. Ya ƙi shiga. Ya ba ni ambulan a liƙe.

"Na babanki ne, ba naki ba. Kada ki buɗe."

Sannan ya buɗe tafin hannuna ya sa min resistar nan. "Wannan taki ce. Ki ajiye inda za ki riƙa ganin ta."

Na so in gode masa da Larabcin littafi mai kyau, duk ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Usta, ka yafe min shayin."

"Wannan kam sai Allah," ya ce, ya juya yana ɗingishi.

Na sauka Kaduna ana yayyafi. Na riga na gaya wa Baba a waya cewa babu takarda, ban dai faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Kwana biyu a gida ba wanda ya ta da maganar. A rana ta uku na bi shi kasuwa. Ƙusar tana nan. Firam ɗin yana jingine a bayan kwalayen soket, an juya fuskarsa bango. Alhaji Sani mai fanka ya leƙo.

"A'a, injiniya ta sauka. Ina abin namu? Mu gani mu sa albarka."

Na miƙa wa Baba ambulan ɗin. Ya yage a hankali. Takarda ce guda, an ciro ta daga littafin rubutu mai layi-layi. Baba yana karanta Alƙur'ani, amma rubutun hannun Usta ya fi ƙarfinsa. Ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo min.

"Mamana, fassara mana."

Idona ya riga bakina. Na ga layin farko, na ga kuma babu wanda zai sani a kasuwar nan in na tsallake shi. Na karanta.

"Zuwa ga mahaifin Safiya, gaisuwa. 'Yarka ta yi ha'inci sau ɗaya a aikina, kuma ta faɗa min da bakinta tana riƙe da tsanin da nake kai. Ta iya fiƙar waya. Ta iya haɗa modul na murya da na lifta, ta gwada su. Ba ta iya shayi ba. Ni ba ni da hatimi. Amma duk ginin da ta ja wa waya, zan kwantar da jikokina a hawansa na ƙarshe. Milad."

Ruwa yana ta dukan rumfa. Baba ya ce in sake karanta na farkon. Na sake.

"Kin yi?"

"Na yi, Baba."

"Kika kuma gyara?"

"Na gyara. Shi ya sa babu takardar." Na ba su labarin daga farko har ƙarshe.

Ya ɗan jima yana kallon hannuwana. Sannan ya sunkuya ya ɗauko firam ɗin, ya goge gilashin da hannun rigarsa. Takardar ta yi masa ƙanƙanta, tana zamewa gefe. Ya yanko baƙin tef na waya ya liƙe kusurwoyinta huɗu.

"Alhaji, wannan fa ba hatimi," in ji Alhaji Sani.

"Mai hatimin shi ya sa ta yi ha'incin," in ji Baba. "Wannan shi ya riƙe mata tsani."

Ya jawo kujerar katako ya buga ta da hannu ya ga ta zauna daidai, ya miƙo min firam ɗin. Na tattare hijabina na hau, mutanen layi suna kallo. Na rataye.

Baba ya ja da baya har bakin ƙofa, ya karkata kai.

"Ɗaga hagun kaɗan, Mamana. Ya karkace."